Talibamban: kifin da masunta ke mayarwa ruwa, shi ake kiwo cikin gilashi a Turai

A makon jiya wani ɗan'uwa, haifaffen nan Gure da ke zaune a ƙasar Beljiyam, ya turo mana hoto ta WhatsApp. Ya shiga wani shago ne da ake sayar da kifayen ado, irin waɗanda ake zubawa cikin akwatin gilashi a ɗaki don kallo, sai ya ga wani ɗan kifi mai zane-zane da jan ido yana bin sa da kallo. Ya ce mana: “Don Allah ku duba mini, wannan ba talibamban ba ne?”

Shi ne kuwa. A jikin gilashin an rubuta “fahaka”, a ƙasa kuma an sa sunansa na ilimi, Tetraodon lineatus.

Da muka ba da labarin a cikin shiri, waya ba ta huta ba. Ƴan'uwa na waje suna tambaya ko su saya wa yaransu. Na gida kuma tambayarsu biyu ce: ana cin sa? Kuma tunda Turawa na saye, ba za a samu ɗan abin masarufi a ciki ba? Minti goma na shiri bai isa amsa ba, shi ya sa muka kawo bayanin nan a rubuce.

Wane ne talibamban?

Mu a Gure ba mu da kogi. Yaron da ya tashi tsakanin tudun rairayi da kwarin dabino zai iya girma bai taɓa ganin talibamban da rai ba, sai dai ya ji ana kiran mai ƙaton ciki da sunan. Kifin da muka sani shi ne banda, wanda manyan motoci ke ɗaukowa daga wajen Difa, tafiyar kilomita wajen 300 daga nan, da kuma tarwaɗa da karfasa na tabkunan jihar Damagaram. Amma duk wanda ya yi zaman su a Boso ko Ngigmi, ko ya yi ci-rani a bakin Komadugu, ya san shi. Yana cikin tabkin Cadi da kogunan da ke zuba cikinsa, yana cikin kogin Isa da ya ratsa Yamai, yana cikin Binuwai, da Bolta, da Senegal, da Gambiya, har zuwa kogin Nil. Sunan “fahaka” ma daga Larabcin Misira ya fito. Misirawan dā sun zana shi a bangon kaburburansu fiye da shekaru 4,000 da suka wuce, wani masani ɗan ƙasar Suwidin kuma, Linnaeus, ya ba shi sunan ilimi a 1758.

Halittarsa abin a tsaya a duba ce. Ba shi da ɓawo irin na karfasa, fata ce mai kauri da ƴan ƙananan ƙayoyi da ke kwance. Ba shi da haƙarƙari. Wannan ne ke ba shi damar yin abin da aka san shi da shi: in ya tsorata sai ya dinga haɗiyar ruwa da sauri, tumbinsa ya buɗe kamar salka, ya zama dunƙule, ƙayoyin su miƙe. Giwan ruwan da ya zo da niyyar haɗiye shi sai ya tarar da abin da ya fi bakinsa. Ba ya iya gudu sosai, da ƴan fikafikansa yake lallaɓawa, amma yana iya tsayawa cak, ya juya a wuri ɗaya, har ya yi baya-baya. Idanunsa kuma kowanne na iya kallon nasa ɓangaren, kusan kamar na hawainiya.

Sai baki. Haƙoransa huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, sun haɗe sun zama kamar bakin aku. Sunan danginsu gaba ɗaya a ilimi ma ma'anarsa ke nan, “mai haƙora huɗu”. Da su yake fasa dodon koɗi da ƙumba da ƙaguwa. Haƙoran ba sa daina tsiro har ya mutu, abinci mai tauri ne ke goge su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masunta ba sa murna da shi. Yana yanke zaren koma, yana guntule ƙugiya, in aka yi sake ya datse yatsa. Waɗanda suka yi yarinta a bakin tabki kan ba da labarin yadda suke shafa masa ciki ya kumbura su yi ta wasa da shi. A waje da ruwa iska yake haɗiya, kuma sau da yawa ba ya iya fitar da ita, sai ya yi ta yawo a saman ruwa ciki sama har ya mutu. Masu kiwonsa a Turai ko daga akwati zuwa akwati za su mayar da shi, cikin kwano da ruwa suke ɗaukarsa, ba sa bari ya sha iska.

Dangi ne babba

Abin da ya fi ba mu mamaki da muka shiga bincike shi ne talibamban ba ɗaya ba ne. Danginsu sun kusa iri 200 a duniya. Mafi yawansu na teku ne. Kaɗan ne, wajen iri talatin, suke rayuwa a ruwan daɗi, kuma su ne aka fi gani a shagunan kifin ado.

A ruwan daɗi na Afirka iri shida aka sani. Namu, fahaka, shi ya fi kowa yaɗuwa, kuma yana kai santimita 43, wato kusan kamu guda. Bayansa da gefensa zane ne a kwance, ja-ja da rawaya, cikinsa fari ko rawaya. Ƙanana ba su da wannan zanen sosai, ɗigo-ɗigo ne, sai sun girma ɗigon ke haɗewa.

Yayansu shi ne mbu, na kogin Kwango da tabkin Tanganyika. Wannan yana kai santimita 67, kamu ɗaya da rabi ke nan, kuma babu wanda ya kai shi girma a duk talibamban ɗin ruwan daɗi. Zanen jikinsa kamar an yi masa lalle, layuka masu lanƙwasa kore da ruwan zinariya. Mutane kan saye shi yana ɗan ƙarami kamar babban yatsa, bayan ƴan shekaru su rasa inda za su sa shi, don ruwan da yake buƙata sai a lissafa da dubban litoci.

A kogin Kwango ɗin dai akwai wani mai suna miurus, wanda bai wuce santimita 15 ba. Shi mafarauci ne mai kwanton ɓauna. Yakan binne kansa cikin yashi, ido da baki kawai ke waje, bakin kuma sama yake kallo. Ƙaramin kifi na wucewa sai ya zabura. Yana sauya launi gwargwadon ƙasar da yake kwance a kai, masu kiwo kuma sun laƙaba masa sunan dankali, don in ka gan shi a kwance ba ka ce kifi ba ne. Akwai schoutedeni, ɗan ƙarami mai ɗigo kamar damisa, wajen santimita 10, wanda ya fi sauran sanyin hali. A shekarun 1960 ya cika shagunan Turai, sai ya ɓace shekaru da yawa saboda rikice-rikicen ƙasar Kwango sun tsayar da fataucin, daga baya ya sake fitowa. Akwai duboisi na wajen Kinshasa, wanda ba safai ake ganinsa ba.

Na shidan maƙwabcinmu ne: pustulatus, mai jajayen ɗigo, wanda ba a samunsa ko'ina sai a kogin Kuros da ke tsakanin kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru. Tunda gidansa ɗaya ne tak a duniya, yana cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, kuma ƙarancin nasa ne ke ƙara masa tsada a wajen masu tarawa.

In aka tsallaka Asiya, sai a haɗu da autansu. A jihar Kerala ta kudancin Indiya akwai wani da bai wuce santimita 3 da rabi ba, tsawon ƙwallon dabino ke nan. Sunansa na ilimi Carinotetraodon travancoricus, an bayyana shi a 1941. Yana da kasuwa sosai, don akwati ƙarami ya ishe shi. Sai dai farin jinin ya zame masa wahala: kamun da ake yi masa da lalacewar kogunansa sun sa shi ma ya shiga jerin waɗanda ke cikin haɗari. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku, yana cizge wa kifayen da suka fi shi girma jela.

Akwai kuma wasu biyu na kudu maso gabashin Asiya da suka fi jawo wa sababbin masu kiwo asara. Ɗaya kore ne mai baƙaƙen ɗigo, yana kai santimita 17. Ɗayan yana da zane a baya kamar lamba 8. Na farkon musamman, gidansa bakin teku ne, inda kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, abin da mu za mu kira ruwan zartsi. Shaguna da yawa kan sayar da shi cikin ruwan daɗi ba su faɗa wa mai saye ba. Yana ƙarami zai jure, in ya girma babu gishirin teku a ruwansa sai cikinsa ya yi duhu, ya daina ci, ya mutu. Gishirin ma na musamman ne da ake sayarwa don wannan aiki, ba na miya ba, balle kanwa.

A kogin Amazon na Kudancin Amurka akwai wani ƙarami mai zanen baƙi da rawaya kamar zuma, wanda ya saɓa wa danginsa: shi a garke yake yawo, in an ajiye shi shi kaɗai sai ya takura. Na teku kuwa ba za mu ƙirga su ba. Akwai mai fuska kamar ta kare, akwai masu dogon baki da launi kamar atamfa.

Ga masu son saye

Me ya sa ake son su haka? Masu kiwo na cewa talibamban ba ya kama da sauran kifaye da ke ta kai da kawowa ba su san da kai ba. Shi yana gane mai ba shi abinci, ya taho gaban gilashi yana kallonka, wani har ya feso ruwa in an yi masa jinkiri.

To amma ɗan'uwa na Beljiyam, da duk mai irin niyyarsa, ga gaskiyar magana. Wannan ɗan abin da ka gani a shago jariri ne. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu zai kusa tsawon kamu. Babban fahaka na buƙatar akwatin da ya kai lita 450 ko fiye, wato bido 18 na lita 25. Kuma kowane mako sai an zubar da kashi ɗaya cikin uku ko rabin ruwan an sa sabo, don kifi ne mai ɓarnar abinci, ga fatarsa ba ta jure ƙazamin ruwa. Da muka yi wannan lissafin a ɗakin watsa shiri, wata abokiyar aikinmu ta ce ruwan da kifi ɗaya ke sauyawa a mako ya isa gidansu kwana biyu a watan bazara. Ba mu da abin da za mu ƙara a kai.

Sannan shi kaɗai ake ajiye shi. Duk kifin da aka sa masa, ko ɗan'uwansa ne, ƙarshensa cizo. Ba ya cin garin abincin kifi da ake sayarwa a gwangwani, sai dodon koɗi, ƙumba, ƙaguwa, jatan lande da tana. In aka yi ta ba shi abu mai laushi, haƙoran nan da muka ambata sai su yi tsawo har bakin ya kasa buɗuwa, ya mutu da yunwa abinci na gabansa, sai fa in an samu wanda ya iya sa masa maganin barci ya datse su. Ruwansa kuma sai an ɗumama shi zuwa maki 24 ko 26, ga kuɗin lantarki a sanyin Turai. Kuma yana iya shekara goma a raye. A ganinmu, wanda ke cikin ɗakin haya, yau yana wannan gari gobe yana wancan, ya haƙura da fahaka. In yara sun matsa, ɗan ƙaramin na Indiya ya fi sauƙi, a kuma nemi wanda aka haifa a wajen kiwo maimakon wanda aka kamo daga kogi. Kafin a biya, a karanta sunan ilimin da ke jikin gilashi, don sunayen kasuwa na ruɗarwa.

Maganar guba

Nan ne muke roƙon kowa ya buɗe kunne, na gida da na waje.

Dangin talibamban suna ɗauke da guba mai kisa. A na teku an fi samun wadda ake kira tetrodotoksin, a wasu na ruwan daɗi kuma ƴar'uwarta saksitoksin. Aikinsu ɗaya ne, su tsayar da saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Gubar ta fi taruwa a hanta, da ƙwai, da hanji, da fata. Wuta ba ta kashe ta. Dafuwa, suya, banda, shanya, babu wanda ke rage mata ƙarfi. Ba ta da wari ko ɗaci da zai faɗakar da mai ci.

Kifin ba shi ke ƙera gubar da kansa ba, daga abin da yake ci take taruwa a jikinsa. Shi ya sa ƙarfinta ke bambanta daga ruwa zuwa ruwa, daga lokaci zuwa lokaci, har daga kifi zuwa kifi. Wannan ne amsarmu ga dattijon da ya kira ya ce shi ya ci a bakin tabki bai ga komai ba. Baba, ba mu ƙaryata ka ba. Akwai masunta a wurare da dama da ke feɗe fatar, su zubar da kayan ciki, su ci tsokar. Amma wanda ka ci lafiya bara ba shi ne shaidar na bana ba, kuma wuƙa ɗaya da ta huda hanta ta isa ta ɓata naman.

Dubi Japan, inda suke kiransa fugu kuma suke ɗaukarsa abincin alfarma. A can ba kowa ke yanka shi don sayarwa ba, sai mai dafa abincin da ya yi horo ya ci jarrabawa aka ba shi takarda. Duk da haka a 1975 wani shahararren ɗan wasan kwaikwayonsu, Bando Mitsugoro na takwas, ya mutu a birnin Kyoto bayan ya ci hantar. Tun shekarun 1980 an hana sayar da hantar gaba ɗaya. Tarayyar Turai kuwa ta hana sayar da duk dangin a matsayin abinci, shi ya sa a can sai dai a gilashi. A ƙasar Bangaladash, a 2008, mutum 141 suka kwanta bayan sun ci irin wannan kifi da aka kawo kasuwa da arha, 17 suka rasu. Talakawa ne da ba su san kifin ba. Tun a 1774 ma matuƙin jirgin ruwan Ingila Kyaftin Cook ya rubuta yadda shi da abokan tafiyarsa biyu suka ɗanɗana hanta da ƙwan wani kifi a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, cikin dare jikinsu ya mutu, aladen da ya ci kayan cikin kuma aka wayi gari ya mace.

Alamomin kan fara da wuri, daga ƴan mintoci zuwa ƴan awoyi bayan ci. Leɓe da harshe su mutu, kamar an yi wa mutum allurar cire haƙori. Sai yatsu, sai jiri da amai, magana ta sarƙe, ƙafa ta kasa ɗaukar jiki. In ta yi tsanani numfashi ne ke tsayawa, alhali mutum na cikin hankalinsa yana jin duk abin da ake faɗa. Har yau babu allurar da ke karya wannan guba. Abin da ke ceto shi ne a taimaka wa mutum da numfashi har jikinsa ya fitar da ita, kuma wanda ya wuce kwana guda galibi yakan tashi. Saboda haka da an ji leɓe ya fara mutuwa bayan cin kifi, a nemi mota ko babur a nufi gidan likita nan take, a tafi da ragowar kifin, a kuma tafi da duk wanda aka ci tare da shi ko bai fara jin komai ba. Kada a tsaya jiƙo ko madara. Kada a ɗura wa wanda ya kasa haɗiya komai a baki. Kayan cikin da aka zubar kuma a binne su, kada kaji ko karnuka su samu.

Ƴan'uwanmu da ke Libiya, wannan ta shafe ku kai tsaye. Akwai wani talibamban na teku da ya shigo Bahar Rum ta mashigin Suwez. An fara ganinsa a gaɓar Turkiyya a 2003, yanzu ya bazu har gaɓar Misira da Libiya da Tunisiya. Dogo ne, yana iya kusan mita ɗaya, bayansa da baƙaƙen ɗigo, gefensa da layi mai ƙyalli kamar azurfa, cikinsa fari. Larabawa na ce masa arnab, wato zomo, saboda haƙoransa. Ya kashe mutane a yankin, Misira ta hana kamunsa da sayar da shi, Turkiyya kuma har biyan masunta take yi kan kowace jela da suka kawo don a rage shi. Wasu marasa tsoron Allah kan cire kai da fata su sayar da tsokar da arha. Mai aikin gini ko lambu da ke neman sauƙin cefane shi ne farkon wanda za a yi wa tayi. Kifin da ba ka ga kansa ba, bar shi.

To, batun samun kuɗi fa?

Gaskiya ne ana fitar da kifayen ado daga yankinmu zuwa Turai da Asiya da Amurka, kuma Legas ce babbar ƙofa. Ba talibamban kaɗai ba, har minjirya da kurungu da gaiwa suna da masu so. Amma kada mu yi wa rogo kallon kitse. Kifin da rai ake son sa, ƙarami, babu tabo ko ɗaya. Sai an ajiye shi kwanaki a ruwa mai tsabta, a hana shi abinci kafin tafiya don kada ya ɓata ruwan, a sa shi cikin leda da iskar oksijin, a ninka ledar don yana huda ta da baki, a jera cikin akwatin da ke riƙe ɗumi, a kai filin jirgin sama da takardun likitan dabbobi da izinin fitarwa. Farashin da ɗan'uwanmu ya gani a shago ya haɗa da kuɗin jirgi, da kwastan, da hayar shago, da asarar waɗanda suka mutu a hanya. Abin da ke isa hannun wanda ya jefa koma shi ne mafi ƙanƙanta.

Ku kuma tuna halin da masuntan tabki suka shiga. A 2015 aka hana su da fataucin kifi a jihar Difa saboda matsalar tsaro, sai a 2019 aka ɗage. Mutanen da ke ƙoƙarin farfaɗowa daga wannan ba su da rarar da za su zuba a sana'ar da ba su ga mai saye ba. Idan wani ya kira ku a waya ya ce ku tara masa talibamban, ku fara turo kuɗin rajista ko na takarda, ku kashe wayar. Wanda ke son sana'ar da gaske ya fara zuwa wajen jami'an kula da ruwa da gandun daji ya ji abin da doka ta ce.

Ɗan'uwanmu na Beljiyam dai ya sake turo saƙo bayan shirin. Ya ce ya auna ɗakinsa, akwatin lita 450 ba zai shiga ba sai ya fitar da kujera, kuma uwargida ta ce kujerar ba ta fita. Ranar Asabar yakan kai yaran shagon su gaida ɗan garinsu ta bayan gilashi.